Wasiƙun Sojojin Ruwan da Suka Yi Farautar Jiragen Bayi

A unguwar Kew da ke kudu maso yammacin birnin Landan, dab da gaɓar kogin Thames, akwai wani katafaren gini inda gwamnatin Birtaniya ke ajiye tsofaffin takardunta. Duk wanda ya je da shaidar ko shi wane ne, akan ba shi katin shiga ɗakin karatu ba tare da ya biya ko sisi ba, ya nemi kundin da yake so a ɗauko masa. Daga cikin abin da ke jibge a wannan ma'adana akwai dubban wasiƙu da hafsoshin sojan ruwa suka rubuto daga gaɓar tekun Afirka ta Yamma, tun daga shekarar 1808 har zuwa cikin shekarun 1860, lokacin da aka ɗora musu aikin tare jiragen da ke safarar bayi zuwa Brazil da Kyuba da sauran ƙasashen da ke ƙetaren tekun Atlantika.

Wasiƙun da kyaftin-kyaftin suka aika wa ma'aikatar sojan ruwa suna cikin rukunin da ake kira ADM 1, littattafan likitocin jiragen suna cikin ADM 101, yayin da takardun sashen yaƙi da fataucin bayi na ma'aikatar harkokin waje suke cikin FO 84. Waɗannan su ne na hukuma. Na gida kuwa, wato waɗanda ɗa ya rubuta wa mahaifiyarsa ko miji ya rubuta wa matarsa, akwai wasunsu a ɗakin karatu na Caird da ke gidan tarihin jiragen ruwa a Greenwich, wasu kuma a gidan tarihin sojan ruwa na Portsmouth, wasu a ma'adanan ƙananan hukumomi inda jikoki suka kai su ajiya. Wata masaniyar tarihi mai suna Mary Wills ta bi diddigin irin waɗannan takardu, ta kuma wallafa littafi a kansu a shekarar 2019, mai suna Envoys of Abolition.

To, mene ne ruwan Bahaushe da wasiƙun Turawan da suka mutu tun kafin a haifi kakanninsa? Ruwansa kuwa da yawa, domin a cikin jiragen da waɗannan mutane suka tare akwai Kanawa da Katsinawa da Barebari da Nupawa, kuma ɗaya daga cikin hafsoshin sojan ruwan na Birtaniya a ƙasar Sakkwato kabarinsa yake.

A ranar 25 ga watan Maris na 1807 ne dokar da ta haramta wa 'yan Birtaniya cinikin bayi ta sami sa hannun Sarki. Kafin wannan rana, jiragen Birtaniya sun kwashi 'yan Afirka fiye da miliyan 3 zuwa ƙetare, kuma biranen Liverpool da Bristol da Landan kanta sun yi ƙiba da wannan ciniki. Shekara guda bayan dokar sai aka tura jiragen yaƙi biyu kacal, Solebay da Derwent, wai su tsare gaɓar da tsawonta ya kai dubban mil. Sai a 1818, bayan an gama yaƙi da Faransa, aka naɗa Sir George Collier ya jagoranci runduna ta musamman mai jirage shida. Rahotannin da Collier ya riƙa aikowa Landan cike suke da ɓacin rai game da abin da idonsa ya gani a cikin jiragen bayi, kuma an buga wasu daga ciki a takardun majalisar dokoki, inda masu fafutukar hana bauta suka riƙa kafa hujja da su.

Amma wanda ya zaci zai tarar da jarumtaka a kowane shafi, zai sha mamaki. Abin da ya fi yawa a wasiƙun gida shi ne ƙorafi: zafi, da ruwan sama marar yankewa, da naman gishiri, da zaman jira na makonni a bakin kogi ba a ga ko filafilan jirgi ɗaya ba, da jinkirin wasiƙar gida wadda kan yi watanni a hanya. Sama da kome kuma akwai tsoron zazzaɓi. Ma'aikatan jiragen ba su san sauro ne ke kashe su ba. A ganinsu wata muguwar iska ce ke tasowa daga fadamun bakin teku da dare. A shekarar 1829 kaɗai, mutum 204 daga cikin 792 na rundunar suka mutu, akasarinsu da zazzaɓin shawara, wanda ya fi yin ɓarna a jiragen Eden da Sybille. Cutar ba ta san babba ba: Sir Robert Mends, wanda ya gaji Collier, a cikin jirginsa Owen Glendower ya cika a watan Satumba na 1823. Wani matashin hafsa da ke cikin wannan jirgi, Cheesman Binstead, ya bar littafin da yake rubuta abubuwan da suka faru kullum, wanda yanzu yake Portsmouth, kuma cuta da cunkoso da jana'izar abokan aiki su ne suka mamaye shi. Sai a 1847 wani likitan sojan ruwa, Alexander Bryson, ya tattara alƙaluma daga littattafan likitocin jiragen, ya ba da shawarar a riƙa bai wa duk wanda zai shiga kogi maganin kwinin tun kafin ya kwanta. A 1854 wani likitan sojan ruwan, William Baikie, ya jarraba wannan shawara a tafiyarsa ta kogin Kwara da Binuwai cikin jirgin Pleiad, ya dawo bai rasa mutum ko ɗaya ba. Wannan Baikie shi ne ya zauna a Lakwaja daga baya, ya koyi Hausa, har ya kai ziyara Kano a 1862.

Abu na biyu da ba ya ɓoyuwa a wasiƙun shi ne kuɗi. Masu iya magana kan ce ruwa ba ya tsami banza. Dokar 1807 ta tanadi lada a kan kowane bawa da aka kuɓutar: fam 40 a kan namiji, fam 30 a kan mace, fam 10 a kan yaro. A 1824 aka mayar da shi fam 10 a kan kowane kai, a 1830 kuma aka rage zuwa fam 5. Ana raba kuɗin ne bisa muƙami, kyaftin ya ɗauki kaso mai tsoka, ƙaramin ma'aikaci ya sami abin da ya samu. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a ga hafsa ya bayyana tausayinsa ga mutanen da ya tarar a ɗaure a farkon takarda, a ƙarshenta kuma yana lissafin abin da zai shigo aljihunsa. Wasu daga cikinsu masu tsananin riƙo da addini ne, sun ɗauki aikin a matsayin ibada. Wasu kuwa sun fito fili sun ce ɓata lokaci ne da asarar rayuka, wasu ma kalaman da suka yi amfani da su a kan baƙar fata ba su da bambanci da na masu fataucin da suke farauta. Duk a runduna ɗaya, wani lokaci ma a jirgi ɗaya.

Akwai kuma waɗanda suka yi aikin amma ba su bar wasiƙa ba. Su ne mutanen Kru na gaɓar Laberiya da Saliyo, waɗanda ake ɗauka su tuƙa kwale-kwale su ratsa igiyar ruwa su shiga koguna, inda Bature ke gudun zazzaɓi. A littattafan albashi ba a cika rubuta sunayensu na yanka ba. Sai a laƙaba wa mutum sunan ba'a na Turanci, har da wanda ma'anarsa ita ce kwalbar giya.

Ranar da aka hango jirgin bayi kuwa, labari yakan canja. Jiragen yaƙin Birtaniya na farko masu nauyi ne, na masu fatauci kuwa, waɗanda galibi a Amurka ake ƙera su, sun fi su gudu nesa ba kusa ba. Dabarar da Kwamanda Francis Collier ya yi ita ce ya sayi wani jirgin bayi na Brazil mai suna Henriqueta da aka kama a 1827, ya canja masa suna zuwa Black Joke, ya sake shi a kan tsofaffin abokan sana'arsa. A ranar 1 ga watan Fabrairu na 1829, bayan tsere na sa'o'i 31, wannan ɗan jirgi mai igwa biyu a ƙarƙashin Laftanar Henry Downes ya ci ƙarfin wani jirgin Sipaniya mai suna Almirante, mai igwa 14, aka tarar da mutum 466 a cikinsa. Irin wannan labari ne jaridun Landan suke so, shi ne kuma masu zane suka zana.

Wanda ba a zana ba shi ne na watan Satumba na 1831, lokacin da Black Joke da wani jirgi mai suna Fair Rosamond suka kora jiragen Sipaniya biyu, Regulo da Rapido, cikin kogin Bonny. A wancan lokaci yarjejeniyar da ke tsakanin ƙasashen ta ce ba a ƙwace jirgi sai an same shi da bayi a ciki. Don haka masu jirgin suka shiga jefa mutane cikin ruwa, a ɗaure bibbiyu, sojojin na kallo daga nesa, kuma fiye da mutum 100 suka halaka. Wato dokar da aka yi don ceton rai ita ce ta zama sanadin kisa. Hafsoshi sun yi ta rubuto wa Landan a kan wannan giɓi, har aka sami sabuwar yarjejeniya da Sipaniya a 1835, wadda ta ba da damar kama jirgi idan an same shi da mari da sarƙoƙi, ko tankunan ruwa da tukwanen da suka fi ƙarfin ma'aikatansa, ko da babu bawa ko ɗaya a ciki.

Wani hafsan, Joseph Denman, ya gaji da jiran tsammani a teku. A watan Nuwamba na 1840 ya sauka a bakin kogin Gallinas, a ƙasar Saliyo ta yau, ya kuɓutar da mutum 841, aka kuma ƙone rumfunan da 'yan kasuwar Sipaniya ke tsare bayi. Ɗaya daga cikin 'yan kasuwar ya biyo shi har Landan ya kai shi ƙara a kan ɓarnar dukiya, kuma sai a 1848 kotu ta wanke shi.

Shin yaya waɗanda aka kuɓutar suka ga al'amarin? A nan wasiƙun hafsoshi ba su da abin cewa sosai, sai an juya ga 'yan ƙalilan da suka ba da labarinsu da bakinsu. Wani yaro Bayarabe mai suna Ajayi yana cikin wani jirgin Fotugal da jirgin yaƙi Myrmidon, na Kyaftin Henry Leeke, ya tare a kusa da Ikko a watan Afrilu na 1822. A wata wasiƙa da ya rubuta a 1837, ya ba da labarin cewa da aka hau da su jirgin Ingilishi ba murna suka yi ba, tsoro ne ya kama su: naman alade da suka gani a rataye sun zaci naman 'yan'uwansu ne, dalmar igwa da aka jera kuma sun zaci kawunansu ne. Wannan yaro shi ne Samuel Ajayi Crowther, wanda aka naɗa bishop a Canterbury a 1864, tsohon kyaftin ɗin nan Leeke yana cikin mahalarta.

Wanda labarinsa ya fi kusa da gida shi ne Ali Eisami, ɗan wani malami daga yankin Gazir na ƙasar Barno. An kama shi a cikin hargitsin da ya biyo bayan faɗuwar Birnin Gazargamu, aka bi da shi ta Kano da Katsina da Yawuri da ƙasar Bargu, daga hannu zuwa hannu, har ƙasar Yarabawa, inda ya yi shekaru. Daga nan aka sayar da shi ga Turawa a bakin teku. Jirgin yaƙin Birtaniya ya tare su, aka sauke shi a Freetown a 1818. Bayan shekara talatin da 'yan kai, wani Bajamushe ɗan mishan mai suna Sigismund Koelle ya zauna da shi yana koyon Barbarci, ya kuma rubuta tarihinsa, aka buga a Landan a 1854. Hanyar da Ali ya bi ita ce hanyar da dubban mutanen Arewa suka bi a zamanin yaƙe-yaƙen jihadi da rugujewar daular Oyo. Waɗanda jirginsu ya kuɓuce wa masu sintiri, da yawansu a Bahia ta ƙasar Brazil suka ƙare, inda Hausawa suka shirya tawaye a 1807, suka kuma tayar a 1809 da 1814.

Kama jirgi ba shi ne ƙarshen wahala ba. Dole a kai shi Freetown gaban kotu, kuma daga gaɓar Benin ko ta Biyafara tafiyar kan ɗauki makonni ana fama da iska da igiyar ruwa. Akan sa wani ƙaramin hafsa da mutane kaɗan su tuƙa jirgin, ga ɗaruruwan marasa lafiya, ga atuni da agana da ciwon ido, ga ƙarancin ruwan sha. Rahotannin waɗannan ƙananan hafsoshi na daga cikin mafi nauyi a zuciya, domin sau da yawa lissafi ne kawai na adadin da aka jefa teku kowace safiya. Waɗanda suka isa da rai, kusan mutum 100,000 a tsawon shekarun, akan tsare su a wani fili da ake kira King's Yard, wanda ƙofarsa ke tsaye har yau a Freetown. Daga nan fa ba wanda ake tambaya ko yana son komawa garinsu. Wasu a sa su soja, yara a raba su ga masu gida da sunan koyon sana'a na shekaru, wasu a ba su fili a ƙauyukan bayan gari, daga shekarun 1840 kuma aka riƙa lallashin wasu ana tura su aikin rake a Jamaika da Trinidad da Guyana. Ga waɗannan na ƙarshe, tsugune ba ta ƙare ba.

Duk da haka a Freetown ɗin ne wani abu ya tsiro wanda ya shafi duk mai karanta wannan shafi. Ƙidayar da aka yi a 1848 ta nuna akwai Hausawa fiye da 600 a cikin 'yantattun. Daga bakin irin waɗannan mutane ne wani ɗan mishan, James Frederick Schön, ya fara koyon Hausa, ya buga littafin kalmominta a Landan a 1843. Daga baya ya yi aiki da Dorugu, yaron nan na ƙasar Damagaram da ya zo Ingila tare da Heinrich Barth a 1855, aka sami nahawu a 1862, ƙamus a 1876, da Magana Hausa a 1885. Ashe ke nan rubutun Hausa da baƙaƙen boko yana da jijiya a cikin jiragen nan.

Sai kuma batun Sakkwato. Hugh Clapperton hafsan sojan ruwa ne, ko da yake ta hamada ya fara zuwa ƙasar Hausa, inda aka san shi da suna Abdullahi. Ya iso Kano a watan Janairu na 1824, ya wuce Sakkwato a watan Maris, Waziri Giɗaɗo ya sauke shi, ya kuma gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello sau da dama. Ya koma Landan ɗauke da wasiƙar Bello zuwa ga Sarki George na Huɗu, inda Sarkin Musulmi ya nuna yardarsa a hana fatake kai bayi bakin teku, ya kuma nemi a aiko masa da ƙaramin jakada da likita. Gwamnatin Birtaniya ta ɗauki maganar da muhimmanci. A 1825 ta sa Clapperton cikin jirgin yaƙi Brazen, ɗaya daga cikin jiragen sintirin, wanda ya kama jiragen bayi da dama a wannan zuwa, aka sauke shi a Badagiri ya nufo arewa ta ƙasa. Amma ya tarar da zamani ya juya: Sakkwato na yaƙi da Shehu Laminu na Barno, Bello kuma ya ƙi yarda a wuce da wasiƙa da kyaututtuka, har da makamai, zuwa ga abokin gabansa. Maganar yarjejeniya ta mutu a nan. Clapperton ya kwanta ciwo, ya rasu ranar 13 ga watan Afrilu na 1827, baransa Richard Lander ya binne shi a wani ƙauye kusa da Sakkwato, ya kuma komo Landan da takardunsa.

Gaskiyar da ba ta da daɗin faɗa ita ce, ko da an ƙulla wannan yarjejeniya, ƙofar teku kawai za ta rufe. Kasuwannin bayi na cikin ƙasa da ayarin hamada sun ci gaba da harkarsu, rinji da gandu sun ci gaba da cika, kuma sai a 1936 aka soke bauta baki ɗaya a dokar Nijeriya ta Arewa. Haka ita ma Birtaniya, sai a 1833 ta yi dokar 'yanta bayin da ke ƙasashen da take mulka, ta kuma biya diyyar fam miliyan 20, ba ga bayin ba, ga iyayen gijinsu.

A Landan ma ba kowa ne ya gamsu da sintirin ba. A watan Maris na 1850 wani ɗan majalisa, William Hutt, ya gabatar da ƙudurin a janye rundunar, yana mai cewa kuɗi da rayuka ake zubarwa ba tare da cinikin ya ragu ba. Sai da Firayim Minista Lord John Russell da sakataren harkokin waje Lord Palmerston suka yi barazanar ajiye aiki kafin aka kayar da ƙudurin da ƙuri'a 232 a kan 154. Hutt yana da 'yar hujjarsa. An ƙiyasta cewa rundunar ta kama jirage kusan 1,600 ta kuɓutar da mutum kimanin 150,000, alhali waɗanda aka ɗora wa jirgi bayan 1807 sun kai kimanin miliyan 3. Abin da ya karya cinikin a ƙarshe shi ne rufe kasuwar masu saye: Brazil ta yi dokar hanawa a 1850, bayan jiragen Birtaniya sun fara kutsawa cikin tasoshinta, ta Kyuba kuma ta mutu a shekarun 1860.

Kuma igwar da ta kori masu fatauci ita ce ta buɗe ƙofar mulkin mallaka. A watan Disamba na 1851 jiragen wannan runduna suka yi wa Ikko ruwan wuta, suka tumɓuke Kosoko suka ɗora Akitoye, bisa hujjar hana cinikin bayi. Shekara goma bayan haka Birtaniya ta haɗiye garin. A can ne wani hafsan sojan ruwa, John Glover, ya tara wasu 'yan Arewa, da yawansu bayi ne da suka gudu daga iyayen gijinsu, ya kafa 'yar rundunar da aka riƙa kira Hausawan Glover a 1863. Daga wannan runduna ce sojan Nijeriya ke lissafin asalinsa.

A tsibirin Saint Helena, inda aka sauke wasu mutum fiye da 25,000 daga 1840, masu tonon tarihi sun haƙo ƙasusuwan mutum 325 a kwarin Rupert a 2008, lokacin da ake shirin aikin filin jirgin sama, akasarinsu yara da matasa. An sake binne su a watan Agusta na 2022, ba a san sunan ko ɗaya ba. Na Freetown sun fi su sa'a ta wannan fuska, domin akawun kotu sun riƙa rubuta sunan kowane mutum yadda kunnensu ya ji shi, da shekarunsa bisa ƙiyasi, da tsawonsa, da irin tsagen da ke fuskarsa ko jikinsa. Kwafin waɗannan rajistoci na nan a Kew, kuma an sa sunaye fiye da 90,000 daga Freetown da Havana da wasu wurare a intanet, a shafin SlaveVoyages. Masanan da suka yi aikin sun nemi masu jin harsunan Afirka su taimaka wajen gane asalin sunayen, tun da akawun da ya rubuta su bai san Hausa ba, bai san Barbarci ba, bai kuma san bambancin tsagen Gobir da na Barno ba.